Yadda Ake Ɗaure Babban Ƙoton Gashi Don Kamun Faik Da Maski

Faik da maski kifaye ne 'yan gida ɗaya: dogon jiki, faffaɗan baki cike da haƙora, da halin laɓewa cikin ciyawar ruwa har sai abinci ya zo wucewa. Faik yana ko'ina a ƙasashen sanyi, daga Kanada da Amurka har Suwidin, Finlan da Rasha. Shi kuwa maski sai a Arewacin Amurka, musamman tafkunan Wiskonsin, Minesota da Ontariyo. Jihar Wiskonsin ta ayyana shi a matsayin kifinta a 1955, kuma masuntan can suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma, saboda wuyar kamuwarsa.

Irin waɗannan kifaye babbar loma suke nema, don haka ƙoton gashin da ake ɗaure musu a jikin ƙugiya don ya yi kama da kifi, wanda ake kira sitirima, yakan kai tsawon santimita 20 zuwa 35. A nan wahalar take. A wannan salon fatsa, nauyin igiya ne ke ɗaukar ƙoto ya kai shi nesa, ga shi kuma mutum zai yini yana jifa. Idan ƙoton ya sha ruwa ya yi nauyi, kafaɗa za ta gaji tun kafin azahar. Abin da ake so shi ne ƙoto mai girma a idon kifi, marar nauyi a hannun masunci, kuma duk matakan da ke tafe wannan suke yi wa hidima.

Ka tanadi ƙugiya mai faɗin baki, lamba 4/0 zuwa 6/0, da ƙarfen matsa ƙugiya a kan tebur, da zare mai ƙarfi irin GSP, da gam mai saurin bushewa, da almakashi mai kaifi. Sai wutsiyar barewar Amurka, dogayen gashin bayan zakara, zaren ƙyalli irin Flashabou, da bututun biro wanda aka cire masa tawada. Wajen sayen wutsiya kada ka yi gaggawa. Nemi mai dogon gashi, santimita 10 ko fiye, mai laushi da ɗan lanƙwasa. Gashin gindin wutsiya yana da rami a ciki, da zare ya matse shi sai ya baje. Na wajen ƙarshe kuwa kwanciya yake yi. Kowanne da inda zai yi maka amfani.

Da farko ka danne ɗan haƙorin ƙugiyar da filaya. Yawancin masu neman maski sakinsa suke yi bayan kamu, kuma ƙugiya mai wannan girman tana iya samun masuncin kansa idan iska ta juya. Ka matse ta a ƙarfen tebur, ka naɗa zare daga kusa da ido zuwa inda ta fara lanƙwasa, ka ɗiga gam a kai. GSP yana da santsi, idan ba a yi haka ba, duk abin da aka ɗaura zai riƙa juyawa.

Daga baya ake farawa. Yanki ɗan gashin barewa, ƙasa da kaurin fensir, ka kakkaɓe gajeru da laushin gindinsa, ka ɗaure shi tsininsa na kallon baya. Aikinsa ya tallafi jela, ya hana ta naɗewa a ƙugiya yayin jifa. A kansa ka ɗaura gashin zakara huɗu ko shida, rabi a dama rabi a hagu. Su ne jelar, su ke ba ƙoton tsawonsa ba tare da ƙara masa nauyi ba. Sai zaren ƙyalli kamar sili 15: ɗaure shi a tsakiyarsa, ka ninko rabin gaba zuwa baya, ka sake ɗaurewa, ta haka haƙorin kifi ba zai zare shi ba. Kada ka yanke bakinsa daidai wa daida. Bar wasu dogaye wasu gajeru, don kowane sili ya yi motsinsa daban.

Yanzu jiki, kuma nan ne ya kamata ka natsu. Dabarar ita ce ɗaurin baibai, wadda Bob Popovics, wani gwanin ɗaure ƙoton kifin teku a Amurka, ya yi suna da ita. Ka matso da zare gaba kaɗan. Ɗauki gashin barewa, amma wannan karon tsininsa ya kalli gaba, ya wuce idon ƙugiya. Zagaya shi da zare sau biyu a sassauce, ka sa babban yatsa ka rarraba gashin har ya kewaye ƙarfen ta ko'ina, sannan ka ja zaren ka matse. Yanke ragowar gindin. Ka zura bututun biro ta gaba, ka tura gashin duka ya koma baya, ka riƙe shi da hannun hagu. Sai ka fito da zare gaba, ka tara naɗi a gaban gashin, yana jingine da shi. Kada zaren ya hau kan gashin, domin da ya hau, gashin zai kwanta, aikin ya lalace. Idan ka saki hannu, za ka ga ya tsaya kamar lemar da aka buɗe rabi, waje a cike, ciki fanko. Yawan naɗin nan shi ke ƙayyade yadda gashin zai kwanta: naɗi da yawa ya kwantar da shi, kaɗan ya bar shi a tsaye. Ɗiga gam, ka matsa gaba kamar santimita ɗaya, ka maimaita.

Sau uku ko huɗu ya isa a ƙugiya ɗaya. Na baya su fi tsawo da kwanciya, na gaba su fi gajarta da miƙewa, a nan siffar kifi ke fitowa. Kana iya saka ƙyalli kaɗan a tsakani. Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne cika gashi. Ɗaga ƙoton ka duba shi ta haske. Idan ba ka hango haske ta cikinsa ba, ya yi yawa. Gashin da aka cusa ba ya motsi a ruwa, yana hana ƙoto nutsewa, yana kuma toshe bakin ƙugiya har kifi ya cafka ya saki ba ta kama shi ba.

A kai, zaɓi biyu ne. Ko ka manna idanun roba a gefe biyu, ko ka yi kai irin na Buford, ƙoton da Brad Bohen na Wiskonsin ya fito da shi. Ni na fi son na biyun don maski. Ana ɗaukar gashin gindin wutsiya, a ɗaure shi tsininsa na kallon baya, a bar guntayen gindin a gaba su baje su zama faffaɗan kai. Wannan kan yana ture ruwa, kifi ya ji girgizar a jikinsa ko da ruwan ya gurɓace, kuma idan ka ja igiya ka tsaya, ƙoton sai ya karkace ya ba da gefe. A wannan lokacin ne maskin da ke biye da shi ya fi kai hari.

Ka ƙulle zaren, ka sa gam, ka bar shi ya bushe. Bayan haka ka riƙe shi a ƙarƙashin famfo, ruwan ɗumi ya bi ta kansa daga kai zuwa jela, ka rataye shi ta ido ya sha iska. Gashin zai ɗauki siffarsa. Launi ba abin dogon tunani ba ne: fari, baƙi, baƙi da ruwan lemo, ko rawaya da kore, duhu a sama haske a ƙasa.

Idan kana son wanda ya haura santimita 30, ka gama ɗaure ƙugiyar, ka haɗa ta da wani miƙaƙƙen ƙarfe mai zobe a gaba, ka ci gaba da ɗaurin baibai a kansa. Gaɓar tana ƙara masa lanƙwasa a ruwa. Manyan ƙoto irin waɗannan ne ma ake jefa wa giwan ruwa da dare a kogin Faro na Kamaru.

Kafin ka ɗaure guda goma, gwada ɗaya a ruwa. Idan yana kifewa, gashin bai rarrabu daidai ba. Idan ya ƙi nutsewa, rage kan da almakashi. Sandar fatsa mai lamba 9 ko 10 ta isa faik, maski kuwa 10 zuwa 12. Tsakanin ƙoto da igiya ka sa waya mai tsawon santimita 30 zuwa 45, domin haƙoran kifayen nan suna datse zaren roba na yau da kullum a cizo ɗaya.