Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa Paystack, Stripe ko GitHub da AWS Lambda

Ranar gwaji komai yakan tafi lafiya lau. Ka yi biyan gwaji, kamfanin karɓar kuɗi irin su Paystack ko Stripe ya aiko wa manhajarka sanarwa, fankishin ɗinka na Lambda, wato ɗan kod ɗin da AWS na Amazon ke kunnawa idan saƙo ya zo, ya tashi, oda ta shiga rumbun bayanai. Sai an buɗe wa jama'a ake fara jin kuka: wannan an tura masa data sau biyu a kan biya ɗaya, wancan an cire kuɗinsa amma odarsa na nan tana jiran biya. Galibin abin yana faruwa ne saboda mai rubuta manhajar ya ɗauka cewa kamfanin da ke aiko sanarwar zai jira shi, zai aiko sau ɗaya tak, kuma a jere. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da aka yi masa alkawari.

Kuskuren farko shi ne a gama dukan aiki kafin a amsa wa mai aikowa. Sanarwa ta zo, fankishin ya shiga rubuta oda, ya tura imel, ya kira wata manhaja, sannan ya mayar da amsar 200, wato alamar cewa saƙo ya iso lafiya. GitHub, dandalin ajiyar kod, daƙiƙa 10 kawai yake jira, kuma idan ya gaji ba ya sake aikowa da kansa, sai ka je ka nema. Lambda kuwa, idan ba ka canza ba, daƙiƙa 3 yake ba fankishin kafin ya katse shi. Gyaran ba shi da wuya. Fankishin ɗin bakin ƙofa ya tabbatar da sa hannu, wato shaidar cewa daga kamfanin saƙon ya fito, ya jefa saƙon cikin SQS, layin jiran saƙonni na AWS, ya amsa 200 nan take. Wani fankishin daban ne zai ɗauka daga layin ya yi aikin a natse.

Sai maganar sa hannu, wadda wasu ke tsallakewa wai ai babu wanda ya san adireshin da ake aiko sanarwar. Adireshin da Paystack zai iya bugawa, kowa ma zai iya. Mutum ya rubuta saƙo mai kama da charge.success, wato sanarwar an biya, ya aiko, idan ba ka duba ba ka ba shi kaya kyauta. Paystack yana sa hannu da lissafin HMAC SHA512 a cikin kan saƙo mai suna x-paystack-signature ta amfani da mabuɗinka na sirri, Stripe yana amfani da Stripe-Signature, GitHub kuma X-Hub-Signature-256.

Waɗanda suka yi niyyar dubawa ma sukan yi tuntuɓe a nan. An lissafa sa hannun ne a kan ainihin rubutun da aka aiko, harafi da harafi. Idan ka warware JSON ɗin, wato tsarin rubutun saƙon, sannan ka sake harhaɗa shi, ba lallai ya dawo yadda yake ba. A Python, json.dumps yana ƙara sarari bayan kowane waƙafi da ruwa biyu, kuma wannan sararin kaɗai ya isa ya ɓata lissafin. Sai ka wuni kana zargin mabuɗi alhali lafiyarsa ƙalau. Ka yi lissafin a kan ɗanyen saƙon kafin ka taɓa shi, ka kuma leƙa isBase64Encoded, domin API Gateway, ƙofar AWS da ke miƙa saƙo ga Lambda, kan miƙo shi a lulluɓe da base64. Wani ɗan tarko kuma: adireshin kai tsaye na Lambda da sabon tsarin HTTP API suna mayar da sunayen kanun saƙo ƙananan baƙaƙe, don haka mai neman Stripe-Signature da manyan baƙaƙe ba zai same shi ba. Mabuɗin kansa a ajiye shi a Secrets Manager, ma'ajiyar sirri ta AWS, kada a manna shi cikin kod, kuma a tuna na gwaji daban yake da na ainihi.

Wanda ya fi cin kuɗin mutane shi ne maimaici. Idan Stripe bai samu amsa mai kyau ba, yana ci gaba da gwadawa har kwana 3. Paystack ma yana sake aikowa. Ko da su ba su maimaita ba, layin SQS na yau da kullum abin da ya lamunce shi ne saƙo zai iso aƙalla sau ɗaya, wato yana iya zuwa sau biyu. Saboda haka dole fankishin ya gane abin da ya riga ya yi. Da yawa sukan ce ai sun magance: su duba rumbu ko lambar cinikin tana nan, idan babu su rubuta. Wannan yana aiki har ranar da kwafi biyu suka iso a daƙiƙa guda. Lambda zai tashi fankishin biyu, kowanne ya leƙa ya ga babu komai, kowanne ya biya. Kamar yara biyu ne a shago kowa ya buɗe littafin bashi ya ga ba a rubuta ba. Dubawa da rubutawa su zama mataki ɗaya: idan rumbunka DynamoDB ne ka rubuta lambar da sharaɗin attribute_not_exists, idan Postgres ne ka sa wa gurbin lambar dokar hana maimaici. Wanda ya riga ya wuce, na biyu ya sha ƙasa ya fita shiru. A ganina wannan ne abin da bai kamata a buɗe manhajar kuɗi ba tare da shi ba, ko da sauran za su jira.

Jeri ma ba tabbas. Stripe ya faɗa ƙarara cewa sanarwa ba lallai ta zo bisa tsarin faruwarta ba. Maimakon ka gina hukunci a kan abin da ke cikin saƙon, ka ɗauki lambar cinikin ka koma ka tambayi kamfanin halin da ake ciki yanzu. A nan ne kuma za ka gwada adadin kuɗin da farashin odar. Paystack da kwabo yake lissafin naira: kayan naira 5,000 za ka ga 500000. Wanda ya manta ya duba adadi, ana iya biyansa naira 50 ya saki kayan dubu biyar.

Layin da ka saka ma yana da nasa halin. SQS yana ɓoye saƙon da aka ɗauka na daƙiƙa 30 idan ba ka canza ba, kuma AWS na ba da shawarar lokacin ya kai ninki 6 na wa'adin fankishin. Saƙon da ya lalace zai yi ta dawowa har kwana 4 ɗin ajiyarsa su cika, sai dai idan ka haɗa layin matattun saƙonni, inda ake ware waɗanda suka yi ta gazawa, ka kuma sa ƙararrawa a kansa. Layin matattun da babu mai leƙawa bai amfana komai ba. Ka kunna ReportBatchItemFailures don kada saƙo ɗaya ya jawo a maimaita guda goma, ka kuma ƙayyade yawan fankishin da za su tashi tare, kada ranar rububi su danne ƙaramin rumbunka.

Masu bi ta EventBridge, tsarin rarraba sanarwa da AWS ya fitar a 2019, sun huta da yawancin wahalar sa hannu idan kamfanin yana cikin abokan hulɗarsa. Amma akwai mataki ɗaya da ake mantawa: bayan kamfanin ya ƙirƙiri tushen sanarwar, sai ka shiga asusunka, a yankin da ka zaɓa, ka haɗa shi da motar sanarwa (event bus), wato hanyar da sanarwar ke bi ta iso gare ka. Duk abin da aka aiko kafin nan zubar da shi ake yi. Haka kuma dokar tacewa da ta kuskure harafi ɗaya ba ta kuka, shiru kawai za ka ji. Ka fara da doka mai kama komai tana zubawa a CloudWatch Logs, kundin bayanan aiki na AWS, ka ga ainihin siffar saƙon, sannan ka tsaurara. Idan ka gama ka rufe ta, don kada lambobin wayar kwastomomi su taru a wurin.

Duk da haka wata sanarwar za ta ɓace. Ka sa EventBridge Scheduler ya tashi fankishin ɗaya kowane dare, ya jawo jerin cinikin ranar daga Paystack ko Stripe, ya gwada da rumbunka, duk wanda ba ya nan ya jefa shi cikin layin nan na SQS.