Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da shara mai ruɓewa zuwa mai, da yadda ake gyara su

Yawancin masu shiga harkar fitar da mai daga shara sukan fara da tambayar injin da za su saya, alhali tambayar da ta kamata ta riga ita ce yawan ruwan da ke cikin sharar da suke da ita. Ruwan ne yake zaɓa wa mutum hanyar da zai bi, kuma rashin auna shi tun da farko shi ne kuskuren da ya fi cinye jari. Ragowar abinci, kashin dabbobi da dagwalon najasa sukan ƙunshi ruwa kashi 70 zuwa 80 cikin 100, wani lokaci ma fiye, yayin da garin katako da karan hatsi da suka sha rana ba su cika wuce kashi 15 zuwa 20 ba. Busasshiyar shara ta dace da firolisis, wato gasawa a zafin da ya kai kimanin digiri 500 a ma'aunin Salshiyos cikin rufaffen mazubi da iskar oksijin ba ta shiga, har kayan su narke su zama tururi, a sanyaya tururin ya koma mai. Wannan hanya tana son ruwan kayan ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100. Wanda ya zuba mata jiƙaƙƙiyar shara zai ƙone makamashi mai yawa wajen ƙafar da ruwa kawai, domin kowane kilo ɗaya na ruwa yana cin fiye da megajul 2 a ma'aunin makamashi kafin ya zama tururi, sannan ruwan da ya rage zai bi tururin ya ƙare a cikin man, ya tsinka shi har ya rabu gida biyu.

Gyaran shi ne a bar jiƙaƙƙiyar shara ga hanyar da aka ƙirƙira dominta, wato dafawa cikin ruwa mai tsananin zafi da matsi. A nan ana dama sharar ta zama kamar kunu mai kauri, daskararren abin da ke ciki ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100, a tura ta cikin bututu a zafin digiri 300 zuwa 350, ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar sarari kusan sau 200, wanda shi ne yake hana ruwan tafasa. Ruwan da kansa ne yake farfasa kayan, saboda haka babu buƙatar busarwa. Amma akwai wani kuskure da yake jiran mutum a nan ma, wato raina matsin. Tukunyar da aka haɗa a wurin walda ba tare da lissafin injiniya ba, ko famfon da ba a ƙera shi domin tura abu mai kauri ba, ba za su jure wannan aiki ba, kuma fashewar mazubi a irin wannan zafi tana iya hallaka duk wanda yake kusa. A ganina, wanda ba shi da ƙwararrun ma'aikata da bawul ɗin sakin matsi da aka gwada, gara ya mayar da jiƙaƙƙiyar shararsa zuwa iskar gas ta girki ko takin gona, ya bar zancen mai.

Ko da an zaɓi firolisis kuma an busar da kayan, saurin aikin ne yake raba mai samun mai da mai samun gawayi. Mutane da yawa sukan cusa manyan guntayen itace cikin ganga, su hura wuta a hankali na tsawon sa'o'i, sannan su yi mamakin ganin gawayi mai yawa da ɗan ruwa baƙi mai wari. Abin da suka yi gashin gawayi ne. Domin a sami mai sosai, dole a niƙa kayan su koma ƙwayoyin da ba su wuce milimita 2 zuwa 3 ba, zafi ya ratsa su cikin ƙiftawar ido, tururin kuma ya fice daga wurin zafi a ƙasa da daƙiƙa biyu a sanyaya shi nan take. Idan ya daɗe, sai ya ci gaba da farfashewa ya zama iskar gas da ba ta komawa ruwa. Idan an kiyaye waɗannan sharuɗɗa da katako mai tsabta, ruwan man da ake samu yana iya kaiwa kashi 70 cikin 100 na nauyin busassun kayan.

Wannan adadi na kashi 70 ya yaudari mutane ba kaɗan ba, saboda sukan ɗauke shi daga katako su ɗora wa kowace irin shara. Karan hatsi da ciyayi suna da toka mai yawa, kuma sinadarin fotasiyam da ke cikin tokar yana karkatar da aikin zuwa gawayi da gas, ya rage mai. Ɓuntun shinkafa kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce. Hanyar tsira ita ce a kai samfurin ainihin sharar da za a yi aiki da ita ɗakin gwaji, a auna ruwa da toka, a gwada ta a ƙaramin inji kafin a sa hannu a kan takardar sayen babba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanke kara da ruwa yana rage fotasiyam, sai dai yana jawo sabon kuɗin busarwa, don haka sai an yi lissafi. Haka kuma a tsince ƙarafa, kwalabe da robobi, musamman robar PVC, wadda take sakin asid mai kulorin idan ta sha zafi, ya ci bututu ya kuma gurɓata man.

Kuskuren da ya fi ɓata sunan wannan fasaha shi ne ɗaukar abin da ya fito daga inji a matsayin dizal. Man firolisis baƙi ne mai warin hayaƙi, yana ɗauke da ruwa kashi 15 zuwa 30 cikin 100 da oksijin mai yawa, kuma ƙarfinsa bai wuce megajul 16 zuwa 19 a kilo ba, wato bai kai rabin na dizal ba, wanda yake da kimanin 43. Tsaminsa ya kai na binega, don haka yana cin tankin baƙin ƙarfe, yana lalata nozul da famfon mai na injin mota, kuma ba ya gauraya da man fetur ko dizal komai yadda aka kaɗa su. A ajiye shi cikin ƙarfen da ba ya tsatsa ko tankin roba mai jure asid, a wuri mai sanyi, kuma kada a bar shi ya daɗe, domin yana ƙara kauri da kansa yayin da watanni suke wucewa, zafi kuma yana hanzarta hakan. Wanda ya ɗumama shi sosai da niyyar sassauta shi zai iya tarar da ya koma kamar kwalta. Kasuwar da ta fi dacewa da shi ita ce ta tukwanen tururi na masana'antu da aka gyara bakin wutarsu. Masana'antar Empyro da ke Hengelo a ƙasar Holan, wadda ta fara aiki a 2015, ta bi wannan hanya ce, inda take sayar da man katako ga wani kamfanin madara domin samar da tururi. Ɗanyen man da ake samu ta dafawa cikin matsi ya fi ƙarfi, yakan haura megajul 30 a kilo, amma idan daga najasa ko nama ya fito yana ɗauke da naitirojin mai yawa, kuma sai an tace shi da haidirojin a matatar mai kafin ya shiga tankin mota.

Tsohon man suya shi ne mafi sauƙin sarrafawa zuwa man da yake maye gurbin dizal, kuma shi ya sa aka fi yi masa gaggawa. Ana haɗa shi da metanol, wani nau'in barasa mai guba, kimanin lita ɗaya ga lita biyar na mai, tare da kostik soda ko sodar fotash, a zafin digiri 55 zuwa 60. Man da aka daɗe ana suya da shi yana tara asid ɗin kitse, kuma idan asid ɗin ya yi yawa ko akwai ruwa a ciki, sodar za ta mayar da shi sabulu, a wayi gari da dunƙule mai yauƙi. Maganin shi ne a tace man, a ɗumama shi ruwan ya fita, a auna tsamin kowane zubi daban kafin a yanke yawan soda, wanda ya yi tsami ƙwarai kuma a fara gyara shi da metanol da ɗan asid na salfa. Zafin kada ya kai digiri 65, inda metanol yake tafasa. Tururinsa yana kama wuta, kuma shaƙarsa ko shansa yana iya makantar da mutum. Bayan an janye gilisari, wato ruwa mai kauri da yake rabuwa da man ya kwanta a ƙasa, sai an wanke man an busar da shi, in ba haka ba ragowar sabulu za ta toshe filta.

Akwai kurakuran da ba na cikin inji ba, kuma suna cikin abubuwan da suka kayar da manyan kamfanoni. Kamfanin Changing World Technologies ya kafa masana'anta a garin Carthage na jihar Missouri a Amurka domin mayar da kayan ciki da gashin talotalo zuwa mai. Ya yi tsammanin za a riƙa biyansa domin ya kwashe sharar, sai ya tarar tana da masu saye a matsayin abincin dabbobi, ya koma shi ne mai biya. Mazauna garin kuma suka yi ta ƙorafin wari, har gwamnan jihar ya ba da umarnin rufe masana'antar na wani lokaci a watan Disamba na 2005, kuma a 2009 kamfanin ya bayyana karyewarsa. Kamfanin KiOR, wanda ya gina tasa masana'antar a Columbus ta jihar Mississippi domin sarrafa katako, ya karye a 2014 bayan man da yake samu ya gaza kai abin da ya alkawarta. Kafin a aza harsashi, a ƙulla rubutacciyar yarjejeniya ta shekaru da mai sharar, a lissafa kuɗin dakonta daga nesa, a rufe wurin sauke ta a kuma zuƙe iskarsa zuwa wuta ko matatar wari. Ruwan da yake fita daga dafawa cikin matsi cike yake da ammoniya da narkakken kabon, saboda haka kuɗin tsarkake shi ya shiga kasafi tun ranar farko. Gas ɗin da bai koma ruwa ba a firolisis yana ɗauke da kabon monoksaid mai kisa, kuma abin da ya dace da shi shi ne a mayar da shi murhun injin a ƙone, ya rage makamashin da ake saye daga waje.