Yadda Matashin Sakkwato Zai Nemi Aiki ta Intanet Ba Tare da Ɓarnar Data Ba

Da yawa daga cikin waɗanda suka gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da zarar sun dawo daga bautar ƙasa, sukan ɗauka cewa neman aiki ta intanet shi ne a riƙa tura takarda guda ga duk sanarwar da ta faɗo zauren WhatsApp. Abin da ya fi amfani shi ne a rage yawan wuraren da ake nema, a ba kowanne haƙƙinsa, sannan a samu wani mutum na ciki da zai sa a buɗe takardar.

Aikin farko shi ne gyaran takardar tarihin karatu da aiki, wadda kowa ya sani da CV. Ga sabon kammala karatu shafi ɗaya ya isa, biyu kuwa iyaka ne. A adana ta a matsayin PDF mai ɗauke da cikakken sunan mai ita, kada a ɗauki hotonta da waya a kan tabarma har inuwar yatsa ta fito a gefe. Adireshin imel ma ya kasance da sunan yanka, domin laƙabin da abokai ke kiran mutum da shi a majalisa ba ya yi wa jami'in ɗaukar ma'aikata daɗin gani. Manyan kamfanoni sukan sa manhaja ta tace takardu kafin idon ɗan Adam ya kai gare su, saboda haka idan sanarwa ta ambaci Excel ko tattara bayanai a ƙauyuka, kuma mutum ya iya, to ya rubuta waɗannan kalmomin yadda suka zo. Wanda ya koyar a wata makarantar Bodinga lokacin bautar ƙasa ya faɗi ajin da ya riƙe da darasin da ya koyar.

Wuraren nema ba su da wuyar samu. Jobberman, da aka kafa a 2009, da MyJobMag suna kawo guraben kamfanonin Najeriya, ReliefWeb ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana kawo na ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke da ayyukan lafiya da abinci mai gina jiki a jihar nan, inda iya Hausa ko Fulatanci ke zama abin fifiko. Aikin gwamnati kuwa ana neman sa ne a shafin hukumar kanta, kuma adireshin irin waɗannan shafuka yakan ƙare da gov.ng.

Akwai darasi a yadda ake yi a Isra'ila, ƙasar da kamfanonin fasaha suka yi wa birnin Tel Aviv yawa. Masu neman aiki a can suna da shafuka irin su AllJobs da Drushim da JobMaster, ga kuma hukumar samar da aiki ta gwamnati, amma duk da haka kamfanoni da dama suna ba ma'aikacinsu ladan kuɗi idan ya kawo wanda ya sani aka ɗauke shi. Shi ya sa mai nema, in ya ga gurbi, yakan shiga LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, ya duba ko yana da abokin karatu a kamfanin, ya roƙe shi ya miƙa takardar ta ciki. A ganina wannan ya dace da mu sosai, tunda zumunci ba baƙonmu ba ne, sai dai a bambanta shi da alfarma: ana neman a karanta takarda ne, ba a tsallake jarrabawa ba. Saƙon ya zama gajere, ya fara da sallama, ya ambaci gurbin da dalilin cancanta. Rubuta wa babban mutum "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da aiki" kawai ba ya ba shi abin da zai kama.

Sai a yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya nemi kuɗin fom ta asusun wani mutum, ko lambar BVN, ko lambar sirrin da banki ya turo, kafin a yi ganawa, a rabu da shi ko da tambarin hukuma ne a saman takardarsa.

Idan an kira ganawa ta Zoom ko Google Meet, a cika waya da caji tun da dare, a gwada murya da hoto da wani ɗan'uwa, a kuma zauna cikin inuwa, domin zafin Afrilu a Sakkwato yana iya kashe waya ana tsakiyar magana. In kamfanin na waje ne, a tambaya ko da agogon wace ƙasa aka sa lokacin, a rubuta shi da agogon Najeriya.