Yadda ake tsayawa takarar alƙali a birnin New York

A Najeriya gwamna ne ke naɗa alƙalin babbar kotun jiha bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, don haka mutanenmu da yawa kan yi mamaki in suka ji cewa a Amurka alƙali na liƙa fasta yana neman ƙuri'a. Jihohi 39 ne ke amfani da zaɓe, ta wata siga ko wata, wajen ɗora alƙalai ko sabunta musu wa'adi. Kowace jiha da dokarta, shi ya sa zan tsaya kan kujera ɗaya: Kotun Farar Hula ta birnin New York, wadda ke da reshe a Bronx, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suka yi yawa, kuma 'ya'yansu sun fara fitowa lauyoyi.

Mataki na farko: ka tabbata ka cancanta, kuma ka san kujerar da kake nema. Sai ka shekara 10 da samun lasisin lauya a jihar New York, kana kuma zaune a birnin. Wa'adin kujerar shekara 10 ne, ritaya kuma dole ce a shekara 70. Ba kowace kujera ake zaɓa ba. Alƙalan kotun laifuka da na kotun iyali magajin gari ne ke naɗa su, na kotun gidajen haya kuma hukumar kotuna ce.

Mataki na biyu, wanda na fi ba muhimmanci: kafin ka gaya wa kowa kana sha'awa, je ka zauna a bencin 'yan kallo kwana da kwanaki. Wannan kotu tana jin ƙarar kuɗi har dala 50,000, ƙananan ƙararraki kuma har dala 10,000. Shiga ɗakin shari'ar bashi da safe. Za ka ga lauya ɗaya na kamfanin karɓar bashi rungume da tarin fayil, a gabansa kuma direban tasi ko mai jinyar tsofaffi, babu lauya, riƙe da sammacin da bai gama fahimta ba, yana jiran tafinta. Wasu ma ba sa zuwa, a yanke hukunci a bayan idonsu, sai an fara cire kuɗi daga albashinsu sannan su san an kai su ƙara. Aikin alƙali a nan shi ne ya tambaya: an kai wa mutumin nan sammaci da gaske? Kamfanin yana da takardar da ta nuna bashin nasa ne? Sulhun da aka ƙulla a baranda, mai sa hannun ya gane abin da ya ɗauka wa kansa? Wanda ba shi da haƙurin maimaita waɗannan tambayoyi ga mutum na hamsin kamar yadda ya yi wa na farko, ya bar kujerar ga wani.

Ka leƙa kotun laifuka ma, domin sau da yawa ana tura sabon alƙalin farar hula can ko kotun iyali. Wanda 'yan sanda suka kama ana gurfanar da shi cikin kimanin awa 24, shi ya sa zaman kan kai ƙarfe ɗaya na dare. Cikin 'yan mintoci za ka yanke ko a sake shi, ko a sa masa sharuɗɗa, ko beli.

Mataki na uku: jam'iyya. A Bronx da Brooklyn da Manhattan jam'iyyar Democrat ce ke da rinjaye mai yawa, don haka zaɓen fidda gwani na watan Yuni shi ne ainihin fafatawar. Na Nuwamba galibi tabbatarwa ne kawai. Shugabannin jam'iyya na gunduma, kamar Bronx ko Brooklyn, suna da kwamitin tantancewa, ƙungiyar lauyoyin birnin ma tana tantance 'yan takara ta bayyana wanda ta amince da shi da wanda ba ta amince ba. Ka je gabansu duka. Ana iya tsayawa ba tare da albarkar shugabanni ba, an sha yi an ci, amma sai da jama'a na gaske a bayanka: masallatai, coci-coci, ƙungiyoyin masu haya, ƙungiyoyin direbobi. Carolyn Walker-Diallo ta ci kujerar wannan kotu a Brooklyn a 2015, ta kuma yi rantsuwar kama aiki da Alƙur'ani.

Mataki na huɗu: tara sa hannun masu zaɓe don sunanka ya shiga takardar ƙuri'ar fidda gwani. Nan ne takara da dama ke mutuwa tun ba a kai akwati ba. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu ake yawo da takardun, na Democrat koraye ne, a bakin tashar jirgin ƙasa da ƙofofin gidaje, cikin sanyi. Kujerar gunduma gaba ɗaya na buƙatar sa hannu 4,000, ta wani yanki na cikin gunduma kuma 1,500. Mai sa hannun dole ya zama ɗan jam'iyyar mai rajista, mazaunin yankin, kuma wanda ya karɓi sa hannun zai shaida a ƙasan kowane shafi. Abokin hamayya zai sa lauyoyinsa su bi layi-layi: adireshi ba daidai ba, kwanan wata ya ɓace, mutum ya riga ya sa wa wani hannu. Don haka ka tara ninki biyu ko uku, ka kuma ɗauki lauyan da ya ƙware a dokar zaɓe tun kafin ka buga takardar.

Mataki na biyar: kuɗi da baki. Ɗan takarar alƙali ba ya roƙon gudummawa da kansa, kwamiti yake kafawa ya yi masa. Kotun Ƙolin Amurka ta amince da irin wannan hani a 2015 a wata shari'a daga Florida. Dalilin a fili yake, masu ba da kuɗin galibi lauyoyi ne da gobe za su tsaya a gabanka. A 2009 kotun ta ce dole wani alƙalin West Virginia ya janye daga shari'ar kamfanin kwal ɗin da shugabansa ya kashe kusan dala miliyan 3 don a zaɓe shi. A New York siyasarka tana da iyaka: daga wata 9 kafin zaɓen fidda gwani zuwa wata 6 bayan babban zaɓe. A cikin wannan lokaci kana iya sayen tikiti biyu na liyafar jam'iyya, amma ba ka mara wa wani ɗan takara baya. Akwai kuma darasin ɗa'ar takara da hukumar kotuna ta wajabta.

Kan magana, wani hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2002 ya ba ɗan takara damar faɗin ra'ayinsa kan al'amuran doka, amma alƙawarin yadda zai yanke wata shari'a haramun ne. Wannan zai yi maka wuya a cikin 'yan'uwa. Dattijo zai riƙe hannunka bayan sallar Juma'a ya ce, "Ɗana, in ka hau ka riƙa duba namu." Amsa ita ce, "Baba, zan saurare ku har ku gama, zan tabbatar an kawo muku tafinta, sauran kuma doka ce." Ka faɗa masa tun yanzu cewa in shari'ar danginka ko amininka ta zo, janyewa za ka yi a ba wani alƙali.

Mataki na ƙarshe yana bayan nasara. Ka rufe kwamiti kafin wa'adin wata 6 ya cika, a bi ƙa'ida wajen rarar kuɗin, ka miƙa shari'o'in da ke hannunka ga wasu lauyoyi, domin alƙalin wannan kotu ba ya aikin lauya. A Janairu za ka halarci horon sababbin alƙalai kafin a ba ka ɗaki. Daga ranar kuma kowa, har wanda ka yanke wa hukunci jiya, yana da damar kai ƙorafinka gaban hukumar ladabtar da alƙalai ta jiha, wadda ke iya jan kunne, tsawatarwa a fili, ko yanke hukuncin tsigewa.