Yadda ake ɗaura wa tsohuwar tarakta jagoran kwari

Tun kafin a san GPS, manoman Amurka sun gano yadda tarakta za ta bi hanyarta ba a riƙe sitiyari ba. Tarakta Little Bull da aka ƙera a Miniyapolis wajajen 1914 ƙafa uku gare ta, ta gaban tana tafiya cikin kwarin da garma ta bari, kwarin ne ke yi mata jagora. Wasu taraktocin kuma sai aka riƙa ɗaura musu dogon sandan ƙarfe a gaba, da ƙaramar taya ko faifai mai bin kwarin a bakinsa. Shi ne jagoran.

Ka ɗaure gindin sandan a gatarin gaba, ka haɗa shi da hannun da ke juya tayoyi, bakinsa ya karkata dama, tunda can garma ke kifar da ƙasa. Kada ka yarda da guntun sanda don tsimin ƙarfe. Gajere kowane ɗan hoge yana fizgar sa, dogo kuwa yana juya tayoyi a hankali. Tsohon bututun ruwa mai kauri ya isa, ba sai ka sayi sabo ba.

Inda masu koyo ke faɗuwa, kuma inda ni ma na ɓata yini guda, shi ne kwarin farko. Jagora ba shi da ido, abin da ya tarar shi yake bi. Ka bar ɗan karkata kamar taki ɗaya a layin farko, kafin zagaye na goma ya zama baka, ka ga tarakta tana rangaji tana barin ƙasa ba a kafce ba. Saboda haka ka ɗage jagoran sama, ka kafa turaku uku a jere har ƙarshen gona, ka tuƙa da hannunka idonka na kan na nesa, ban da waiwaye. In bai miƙe ba, sake shi. Bangon kwarin ma ya fita tsaf. Wanda ya rufta, faifan hawa zai yi ya fice, shi ya sa ba na gwada wannan a busasshen yashi.

Daga nan ka sauke faifan cikin kwari, ka sa giya ta ƙasa, tafiyar mutum a ƙafa. Sitiyari na rawa? Haɗin ya yi sako-sako, ƙara ɗaurewa. A bakin gona ka ja igiyar da ka ɗaura wa jagoran ka ɗage shi kafin ka juya. Kuma kada ka sauka daga kujera tarakta na tafiya.