Yadda Za Ki Gane Yaronki Yana Buƙatar Ganin Likitan Fisiyo

"Ai nauyin ƙafa ne, ubansa ma sai da ya kusa shekara biyu sannan ya taka." Kakanni sun sha kwantar wa uwa hankali da wannan magana, wani lokaci kuma gaskiyarsu ne. Amma ita ce kuma ke sa a zauna da yaro a ɗaki har jijiyoyinsa su ƙage, alhali da an kai shi sashen fisiyo, wato na gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, tun yana goye, da aikin ya zo da sauƙi. Ga yadda za ki duba da kanki.

Fara da lissafin watanninsa. In bakwaini ne, cire makonnin da suka rage masa a ciki, kada ki auna shi da sa'o'insa da suka cika wata tara.

Sai ki san iyakar jira. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda har yaran Ghana ke ciki, ya nuna yara masu lafiya na zama da kansu tsakanin wata 4 zuwa 9, su yi tafiya tsakanin wata 8 zuwa 18. Tazarar da faɗi, don haka ɗan maƙwabta ya riga naki ba abin tashin hankali ba ne. Wasu ma ba sa rarrafe sam, jan gindi suke yi har su miƙe. Abin da ba a wasa da shi: wata 4 wuya bai tsaya ba, wata 9 ba ya zama, wata 18 bai taka ba.

Mataki na uku ya fi duka muhimmanci, domin yadda yaro ke motsi ya fi nuna gaskiya a kan ranar da ya fara motsin. Shimfiɗa tabarma lokacin da ya ƙoshi kuma idonsa biyu. Kifa shi, ki ga ko zai ɗago kai ya dogara da hannuwansa. Ɗaga shi ta hammata: in yana sulalewa daga hannunki, jikin ya yi laushi fiye da kima, in ƙafafun suka sandare suka harɗe kamar almakashi, tauri ne. Goyo ma na tona asiri. Yaron da sai kin yi da gaske kafin cinyoyinsa su buɗe a bayanki, ko yake banƙarewa har zani ya kwance, kada ki ce rigima ce kawai. Miƙa masa cokali ta dama, sannan ta hagu. Kafin shekara ɗaya yaro bai zaɓi hannu ba tukuna, in kullum ɗaya yake miƙowa, ɗayan a dunƙule, a duba shi.

Daga nan tuna yadda aka haife shi. Doguwar naƙuda, rashin kuka da aka haife shi, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai jijjiga, duk suna iya taɓa ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan tarihi ba a jira masa cikar wata 18.

Akwai waɗanda ba a jira da su, asibiti ake kai su nan take. Jaririn da hannunsa ɗaya ya saki tun haihuwa. Wanda aka haifa tafin ƙafarsa a karkace ciki, wanda ana gyara shi da filasta in an fara da wuri. Yaron da ya fara jan ƙafa bayan allura a ɗuwawu. Wanda ya iya zama ko tafiya sannan ya daina. In ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya, a sanar da asibiti ranar, don ko da aka ayyana Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna a 2020, har yanzu ana bin diddigin irin wannan.

A nan Kano akwai masu fisiyo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Murtala. Likitan yara a Asibitin Hasiya Bayero ma zai iya dubawa ya tura ku. Tafi da katin riga-kafinsa. Ɗauki bidiyon motsinsa a waya tun daga gida, domin yaro na ganin baƙon ɗaki sai kuka, ya ƙi yin komai. Ina roƙonki, kada a bari mai ɗori ya ja gaɓar da ta ƙage. Atisayen da likita zai nuna miki, ki sa a maimaita a gabanki har hannunki ya iya, don yawancin aikin a gida za ki yi shi, safe da yamma.