Yadda ake tafiyar da shagon littattafai mai zaman kansa da zaɓa wa mai karatu littafi

Ƙaramin shagon littattafai ba zai iya gogayya da manyan kamfanonin da ke ciniki ta intanet a wajen araha ko yawan kaya ba, saboda haka abin dogaronsa shi ne mai shago ya san littafin da ke kan kantarsa, ya kuma san mutumin da ya shigo nema.

Da farko, ka tsayar da irin mutanen da kake son su zama abokan cinikinka, ɗalibai ne, ko iyayen yara, ko masu sha'awar ƙagaggun labarai da tarihi, sannan ka sayo kaya daidai da su. Sabon shiga yakan cika kanta da abin da shi kansa yake so, sai jari ya kwanta wata da watanni ƙura tana hawa kansa. Gara ka ɗauki kwafi biyu ko uku na littattafai iri daban-daban da ka jibge kwafi hamsin na guda ɗaya.

Daga nan sai ka daidaita da kamfanonin ɗab'i da dillalai. Ribarka tana cikin ragin da suke yi maka daga kuɗin da aka sa wa littafi, wanda sau da yawa yakan kai kashi 40 cikin ɗari ko kusa da haka, kuma daga cikinsa ne za ka fitar da kuɗin haya da wuta da albashin yaron shago. Ka nemi a rubuta maka sharaɗin mayar da abin da ya yi kwantai, tare da wa'adinsa, domin littafin da aka saya yanke idan bai fita ba asararsa a kanka take. Dokokin farashi kuma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa, alal misali, tun 1981 doka ta hana mai shago rage fiye da kashi 5 cikin ɗari na farashin sabon littafi, don kada manya su danne ƙanana.

Kowane littafi da ya shigo, ka shigar da shi kundi ko kwamfuta da lambarsa ta ISBN, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa, wadda tun 2007 take da alƙaluma 13, kuma ita ce ke raba bugu da bugu ko da suna ɗaya ne. Ka kiyaye kaya daga danshi da gara da hasken rana, wanda ke koɗar da bango. Wajen jeri, littafin da aka tsayar da fuskarsa tana kallon mai shigowa ya fi saurin fita a kan wanda gefensa kawai ake gani, kuma ƴar takarda da ka rubuta layi biyu da hannunka a kan dalilin da ya sa ya burge ka takan yi aikin da talla ba ta yi ba.

Zaɓa wa mutum littafi shi ne babban aikin, kuma da tambaya ake fara shi. Idan wani ya tsaya yana ta jujjuya littattafai bai ɗauki ko ɗaya ba, bayan gaisuwa sai ka ce masa, "Malam, wane littafi ka karanta kwanan nan da ya yi maka daɗi?" Idan ya faɗi suna, ka bi da tambayar abin da ya ja hankalinsa a ciki, domin mutum biyu kan so littafi ɗaya, wannan saboda saurin labarin, wancan saboda daɗin harshen, kuma abin da za ka miƙa wa kowannensu daban ne. Sai ka ɗauko biyu, iyaka uku, ka sa masa a hannu, ka faɗi jimla ɗaya a kan kowanne ba tare da ka tona ƙarshen labari ba, sannan ka ja da baya ka bar shi ya karanta shafin farko a tsanake. Idan uwa ce take nema wa ɗanta, ka tambayi shekarunsa da ko shi yake karantawa ko karanta masa ake yi. A ganina, babu abin da ke kashe amana kamar yabon littafin da ba ka buɗe ba; idan ba ka karanta ba ka faɗa, ka ce ga abin da waɗanda suka saya suka gaya maka.

Abin da aka nema babu shi, ka rubuta sunansa da lambar wayar mai nema, ka sa masa ranar da kake da tabbacin zai iso. Idan ya dawo karɓa, ka tambaye shi yadda ya ji wancan da ka zaɓa masa, ka rubuta amsar a kundinka kafin ka sake sayo kaya.